Dutse Ɗaya, Suna Uku

Akwai wata tambaya wadda kusan kowa a cikinmu ya iya amsarta tun yana firamare, watau wane dutse ne ya fi kowane tsawo a duniya. Kafin malami ya rufe baki sai ka ji aji ya ɗauka gaba ɗaya, Everest! Amsar kuwa daidai ce, ba mai ja. Amma da malamin zai ƙara da cewa, to mene ne ma'anar sunan, wa ya raɗa shi, kuma da wane suna mutanen da ke zaune a gindin dutsen suke kiransa, na tabbata sai a ji shiru kamar an aiki bawa garinsu. Wannan shirun shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, ba laifi mu ci gaba da cewa Everest in muna Turanci, amma kuskure ne babba a koya mana wannan suna shi kaɗai, kamar dai dutsen ba shi da suna kafin Turawa su hango shi.

Bari mu fara da inda dutsen yake. Yana cikin jerin duwatsun Himalaya ne, a kan iyakar ƙasar Nepal da yankin Tibet wanda ke ƙarƙashin ƙasar Sin, kuma iyakar ta bi ta kan ƙololuwarsa. Awon da ƙasashen biyu suka haɗu suka bayyana a watan Disamba na 2020 ya nuna tsawonsa mita 8,848.86 ne daga bakin teku. Domin mu gane girman abin, sai mu tuna cewa Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ke nan sai an ɗora irinsa uku da rabi, da 'yan kai, kafin a kamo wancan.

To, mene ne ma'anar Everest a Turanci? Ɗalibai da yawa, har ma da wasu Turawan, sukan raba kalmar gida biyu, su ce ai ever da rest ne, watau hutu na har abada. Fassarar tana da daɗin ji, musamman da yake mutane fiye da 300 sun rasa rayukansu a kan dutsen, kuma gawawwakin da yawa daga cikinsu suna can har yanzu cikin ƙanƙara. Amma daɗin ji daban, gaskiya daban. Everest sunan gidan wani Bature ne, Sir George Everest, wanda aka haifa a 1790, ya mutu a 1866. Shi ne shugaban ma'aikatar safiyo ta Indiya daga 1830 zuwa 1843, zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar. Abin dariya ma, shi da kansa ba haka yake furta sunansa ba. Iv-rist yake cewa, da jan wasalin farko. Ashe har sunan da aka ce an girmama mutumin da shi, ba a faɗinsa yadda mai shi ke faɗi.

Yadda sunan ya hau kan dutsen labari ne mai ban sha'awa. Tun a 1802 Turawa suka fara wani gagarumin aiki na auna ƙasar Indiya daga kudu zuwa arewa. Dabararsu ita ce irin lissafin kusurwoyin nan da muke kuka da shi a aji. Sai su auna wani layi a ƙasa da kyau, su tsaya a bakinsa biyu su saita na'ura a kan wani abu mai nisa, su karanta kusurwa, daga nan lissafi ya ba su nisa da tsawo ba tare da sun taka wurin ba. Na'urar tana da nauyin da sai ƙarti goma sha biyu ke ɗaukarta. Da suka iso arewa sai suka tarar Nepal ta rufe ƙofarta ga baƙi, don haka tilas suka tsaya can cikin fadamun Indiya, nisan fiye da kilomita 150, suna hangen duwatsun. A 1849 da 1850 aka saita na'ura a kan wani dutse daga wurare dabam-dabam, aka ba shi lamba, ana ce masa Ƙololuwa ta 15.

Karanta kusurwa shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen lissafi, gama dole a yi la'akari da lanƙwasar doron ƙasa, da kuma yadda haske ke karkacewa in ya ratso iska mai nisa haka. Wanda ya shugabanci masu wannan lissafi wani mutumin Indiya ne, ɗan Kalkata, mai suna Radhanath Sikdar. A 1852 lissafinsa ya nuna cewa Ƙololuwa ta 15 ta ɗara Kangchenjunga, wanda a da ake zaton shi ne sarkin duwatsu. Sai da aka yi shekara huɗu ana sake duba lissafin kafin magajin Everest, Andrew Waugh, ya yi shela a 1856 cewa tsawon dutsen ƙafa 29,002 ne, watau mita 8,840. Ku dubi wannan adadi ku gwada da na 2020. Bambancinsu kamar mita tara ne kacal, alhali kuwa Sikdar da mutanensa da takarda da alƙalami suka yi aikinsu.

Ka'idar ma'aikatar a lokacin ita ce a bar wa kowane dutse sunan da mutanen wurin ke kiransa. Shi kansa George Everest ne ya koya wa ma'aikatansa haka, shi ya sa Kangchenjunga da Dhaulagiri suke amsa sunayensu na asali har gobe. Amma da aka zo kan mafi tsawo sai Waugh ya ce bai sami wani suna na 'yan ƙasa da zai dogara da shi ba, saboda haka zai sa sunan tsohon maigidansa. Da labari ya isa wa Everest, sai ya ƙi yarda. A 1857 ya faɗa wa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan cewa ba a iya rubuta sunansa da harshen Hindi, kuma mutanen Indiya ba za su iya furta shi ba. Ba a saurare shi ba. A 1865 ƙungiyar ta tabbatar da sunan, shekara guda kafin mutuwarsa. Daɗin daɗawa, babu wata shaida da ke nuna mutumin ya taɓa sa dutsen a ido.

Shin gaskiya ne dutsen ba shi da suna? Ko kusa. Mutanen Tibet, da kuma ƙabilar Sherpa da ke zaune a kudancinsa, suna kiransa Comolungma, wanda a rubutun Turanci za ku ga an sa Chomolungma. Masu fassara sukan ce ma'anarsa Uwar Duniya, gama a bisa al'adarsu wata uwargida mai tsarki ce ke zaune a kansa. Sunan ba sabo ba ne. Ya fito a wata taswira da aka buga a birnin Paris a 1733, fiye da shekara 50 kafin a haifi George Everest. Ke nan sunan ya riga ya isa Turai, yana kwance cikin ɗakin karatu, lokacin da Waugh ke cewa bai same shi ba. Na yarda ƙofar Nepal da ta Tibet a rufe suke, na kuma yarda akwai ruɗani, don wasu Turawan sun kawo sunan Gaurisankar wanda daga baya aka gane na wani dutse ne dabam. Amma Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Wanda ya iya haƙurin shekara huɗu yana duba lissafi, ai zai iya haƙurin neman suna. Da an bar dutsen da lambarsa har a sami amsa, da ba a rasa kome ba. Ga K2 nan, na biyu a tsawo, wanda aka ba lamba a 1856, yana nan da lambarsa, bai rage ko taƙi ba.

Suna na uku shi ne Sagarmatha, wanda gwamnatin Nepal ke amfani da shi. Ma'anarsa goshin sama. Wani masanin tarihi na ƙasar, Baburam Acharya, shi ya fito da shi, gwamnati kuma ta rungume shi a shekarun 1960, lokacin da ake shata iyaka tsakaninta da Sin. A 1976 aka kafa gandun daji na ƙasa mai wannan suna a gindin dutsen. Ita kuwa Sin sunan Tibet take amfani da shi a takardunta. Kun ga ke nan dutse ɗaya ne, amma suna uku, kuma kowane suna da wanda ke tsaye a bayansa.

Yanzu bari mu dubi yadda kalmar Everest ke aiki cikin Turanci, don a nan ne wanda ke son a kore ta gaba ɗaya zai gamu da cikas. Kalmar ta daɗe da barin kan dutse ta shiga bakin mutane. In Bature ya ce abu kaza shi ne Everest ɗinsa, yana nufin abin nan shi ne mafi wuya da zai fuskanta a rayuwarsa, wanda in ya ci shi ya gama. Ɗan wasa kan faɗi haka game da kofin da ya daɗe yana nema, marar lafiya kan faɗa game da koyon tafiya bayan haɗari, mu ma muna iya faɗa game da jarrabawar ƙarshe. Ana kuma cewa Everest na takardu ko Everest na bashi, watau tarin da ya wuce misali. Masu tseren keke ma sun ƙirƙiro kalmar Everesting, wadda ke nufin mutum ya zaɓi tudu guda ya yi ta hawa yana sauka har jimillar abin da ya hau ta kai mita 8,848. Ba ɗaya daga cikin masu faɗin waɗannan da ke tunanin wani tsohon ma'aikacin safiyo. Sunan ya shanye mai shi, ya zama kalma mai cin gashin kanta. Wannan shi ya sa na ce ba laifi a bar ta. Harshe ba ya bin doka ta hukuma, kuma abin da ya riga ya zama karin magana ba a cire shi da takardar gwamnati.

Amma akwai wata kalma ta biyu da Turanci ya ɗauko daga wannan dutse, kuma in aka jera su biyun sai abin ya ba mutum haushi. Kalmar ita ce Sherpa. A asali sunan ƙabila ne, ma'anarsa mutanen gabas, masu harshensu da garuruwansu da gonakinsu. A Turanci kuwa sai kalmar ta koma nufin ɗan dako mai ɗaukar wa mai hawan dutse kaya. Har a harkar siyasa, jami'in da ke share fage kafin shugabannin ƙasashe su yi babban taro, sherpa ake ce masa. To ku duba. Mutumin da bai taɓa ganin dutsen ba, sunansa ya zama kalmar ɗaukaka da cin nasara. Mutanen da aka haifa a gindinsa, sunansu ya zama kalmar dako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce na ƙara gishiri. Ranar 29 ga Mayu 1953 mutum biyu suka fara taka ƙololuwar, Edmund Hillary mutumin New Zealand da Tenzing Norgay Basherpe. Igiya guda ta ɗaure su. Labarin ya isa Landan daidai ranar naɗin Sarauniya Elizabeth, 2 ga Yuni. Hillary ya sami sarautar Sir, Tenzing kuwa lambar yabo aka ba shi. A watan Afrilu na 2014 ƙanƙara ta zaftaro ta kashe 'yan Nepal 16 a rana ɗaya, mafi yawansu Sherpa ne, suna cikin kai kayan baƙi sama. A 2025 wani mai suna Kami Rita Sherpa ya taka ƙololuwar karo na 31. Mu nawa ne muka taɓa jin sunansa? Shi ma Sikdar, sai a 2004 gidan waya na Indiya ya fitar da kan sarki mai hotonsa, shekara 134 bayan mutuwarsa. Hausawa sun ce suna linzami ne. Lalle kuwa, gama sunan da aka sa wa abu shi ke jan hankalin mai karatu zuwa ga wanda za a tuna, ya kau da shi daga wanda za a manta.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma ya kamata a ba su amsa. Na farko zai ce, suna ai alama ce kawai, ko me aka kira dutse, dutse ne. Amsata ita ce, in haka ne, me ya sa ƙasashe ke wahalar da kansu a kai? Bature Hans Meyer ya hau Kilimanjaro a 1889 ya sa wa ƙololuwarsa sunan Sarkin Jamus, amma da Tanganyika ta sami mulkin kai sai aka mai da ita Uhuru, watau 'yanci. A Ostareliya, babban dutsen nan da aka sa wa suna Ayers Rock a 1873, tun 1993 ake haɗa masa da sunansa na asali, Uluru. A New Zealand, tun 1998 sunan dutsensu mafi tsawo a hukumance shi ne Aoraki haɗe da Mount Cook. A Amurka kuwa rigimar ta fi zafi. Dutsensu mafi tsawo, wanda mutanen Alaska na asali ke kira Denali, an laƙaba masa sunan McKinley a 1896, Shugaba Obama ya mayar masa da Denali a 2015, Shugaba Trump kuma ya sake mai da shi McKinley a 2025. Ruwa ba ya tsami banza. Da suna ba kome ba ne, da shugabanni biyu ba su sa baki a maganarsa ba.

Na biyu zai ce, to in za a canja, wanne za a ɗauka? In ka ce Comolungma ka ɓata wa gwamnatin Nepal, in ka ce Sagarmatha ka ɓata wa Sin, Everest kuwa ba ya ɓangaren kowa. Wannan hujja tana da ƙarfi, na kuma karɓe ta. Ita ce ma dalili na biyu da ya sa ban ce a soke sunan Turanci ba. Matuƙin jirgin sama da mai buga taswira suna bukatar suna guda da kowa ya sani. Amma bukatar matuƙin jirgi daban take da ta ɗalibi. Shi so yake ya wuce lafiya, mu kuwa an kawo mu makaranta ne don mu san yadda abubuwa suka faru.

Na uku zai ce, sunan Comolungma ya danganci abin bautar waɗansu mutane, don me za mu riƙa faɗinsa? Sai in tuna masa cewa kullum yana rubuta Janairu da Maris a saman littafinsa, alhali duka biyun daga sunayen gumakan Rumawa suka fito. Sanin sunan da mutane suka ba ƙasarsu ba shi ne bin addininsu ba. Mu ma muna karanta labarin Dala da Barbushe da Tsumburbura a tarihin Kano, ba wanda ya ce mun koma bautar tsafi. Ku ƙaddara ma a ce da Turawa suka shiga Kano a 1903 sun cire wa Dala sunansa sun sa na wani jami'insu da bai taɓa zuwa Kano ba, sa'an nan yaran duniya duka suna haddace sabon sunan don cin jarrabawa. Yaya Bakano zai ji? To haka Basherpe yake ji, ko da bai faɗa ba.

Na huɗu, wanda na san shi ya fi yawa a cikinmu, zai ce shi dai abin da zai fito a jarrabawa yake so, kada a ƙara masa kaya. Ɗan'uwa, in an tambaye ka, rubuta Everest ka karɓi makinka, ban hana ka ba. Amma kalma biyu ba su isa su karya wuyan wanda ya haddace manyan biranen duniya ba. Kuma ilimin da ya tsaya kan abin da za a tambaya kaɗai, ranar da aka ajiye alƙalami shi ma ranar yake tafiya.

Saboda haka ga shawarata. Ina roƙon malamanmu na labarin ƙasa, duk ran da suka zo kan wannan darasi, su rubuta sunayen nan uku a allo, su fara da Comolungma don shi ne babba a shekaru, sa'an nan Everest, sa'an nan Sagarmatha, su kuma faɗi wanda ke amfani da kowanne. Malaman lissafi kuwa, in sun zo koyar da kusurwoyi, su ba mu labarin Radhanath Sikdar, don mu san cewa wannan lissafi da muke gani kamar azaba shi ne ya gano dutse mafi tsawo a duniya daga nisan kwanaki. Malaman Turanci su koya mana yadda ake amfani da Everest a karin magana, su kuma gaya mana cewa Sherpa sunan mutane ne kafin ya zama sunan aiki. Masu rubuta littattafai da Hausa su ma haka, gama ba abin da ya tilasta wa Bahaushe ya bi ta Landan kafin ya san sunan wani dutse a Asiya.

Mu kuma ɗalibai, mu ɗauki wannan ya zama ɗabi'armu. Duk sunan da muka gani a taswira, na dutse ne ko na kogi ko na tafki, mu tambayi wa ya sa shi, yaushe, kuma me masu wurin ke ce masa. Tafkin Victoria da mafaɗar ruwa ta Victoria duk suna nan a Afirka ɗauke da sunan wata sarauniya da ba ta taɓa ganinsu ba, kuma kowannensu yana da sunan da mutanen bakinsa ke kiransa. Wanda ya so, ya bincika ya kawo mana su a fitowar mujalla ta gaba. Nan zan dasa aya, sai na ji ra'ayinku.